Me ya sa kwamfuta ba ta ganin na'urar gem ta USB?

Masu gidajen gem a Fagge da Sabon Gari sun san wannan ciwon kai: an buɗe na'ura don ta karɓi wasanni ba tare da faifai ba, an haɗa ta da kwamfuta, amma shiru.

A fara duba waya. Da yawa daga wayoyin USB masu arha na caji ne kawai, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu. A canza waya, a gwada wani ramin, musamman na bayan kwamfutar.

Idan PSP ce, sai an shiga Settings an danna USB Connection. A wadda aka buɗe, akwai zaɓin USB Device, kuma dole ya tsaya kan Memory Stick. In wani ya mayar da shi flash0, to a yi hattara, domin goge fayil ɗaya a nan kan iya kashe na'urar. Nintendo Switch kuwa a yanayin RCM tana fitowa da sunan APX a Device Manager, kuma sai an saka mata direba.

PS2 da PS3 lamarinsu daban ne. Ramukansu an yi su ne don karɓar kayan haɗi irin su filash, kamar na kwamfuta, don haka haɗa su kai tsaye ba ya aiki, yana ma iya ƙona rami. A yi amfani da filash mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB, ko a tura wa PS3 wasa ta FTP.