INJIN HUDA BANGO MAI BATIR: DUBI BANGONKA KAFIN KA SAYA

Kaka ta wuce, an ɗaure damma, an zuba rumbu. Yanzu lokacin gini ne. In ka bi hanyar Maradi zuwa Dakoro ka tsaya Kornaka, za ka ga bulon siminti jere cikin rana yana shanya. Shaguna, azuzuwan lakkwal, mangazar hatsi, da siminti ake gina yawancinsu yau. Siminti kuwa ba ya karɓar ƙusa kamar laka. In za a kafa ƙofar ƙarfe, ko taga, ko farantin hasken rana, sai an huda. Shi ya sa samari masu dawowa daga cin rani suke tunanin sayen injin huda mai batir, don su riƙa samun na cefane da shi. Shawara ce mai kyau. Amma gumin rani guda za ka zuba, to ka karanta wannan tukuna.

Tambaya ta fari ita ce, wane irin bango za ka huda? In na laka ne, riƙe kuɗinka. Laka ba ta riƙe ƙusa mai murɗi ko da inji aka huda ta. Magini ya san dabara, tun ana ginin yake binne icce ko ƙarfe cikin bangon.

In na siminti ne, ka sani injin iri biyu ne. Na farko ƙarami ne, kamarsa kamar ƙaramar bindiga. Yana juyawa, yana kuma ɗan bugu da sauri, kana jin shi yana karkarwa a hannu. Bakinsa yana ɗaukar ƙarfen huda har mai kaurin milimita 13. Yana huda icce, da kwano, da bulo, yana ɗaura ƙusa mai murɗi. Mai kafa ƙofofi da tagogi, wannan ya ishe shi.

Na biyu ya fi girma da nauyi, ya fi tsada. Cikinsa akwai guduma ta gaske wadda iska ke turawa. A jikinsa za ka ga an rubuta SDS. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da wannan irin baki a 1975. Ƙarfen hudarsa yana da tsagi a gindi, turawa ake yi ya kama da kansa. Shi ne na kankare, wato simintin da aka zuba da tsakuwa da rodi, irin na ginshiƙi, da bisan ƙofa, da bakin rijiya. Ƙaramin inji in ya gamu da tsakuwar kankare sai ya tsaya yana kuka, ƙarfen ya yi zafi ya dakushe, batir ya ƙare, ramin bai kai gaɓar yatsa ba. Ni a ganina, wanda zai ci abinci da wannan aiki wurin ƴan kwangila, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin babban.

Yanzu maganar batir, nan ne ake cutar mutane. A jikin batir akwai lamba da wani harafi, V, wanda babu shi cikin baƙaƙen Hausa da muka koya. Shi ke nuna ƙarfin wuta. Na aikin siminti, 18V ne daidai. In ka ga 20V, duk ɗaya ne da 18V: ƴan batura 5 ne jere a ciki, wani kamfani yana ƙirga wutarsu lokacin da suka cika fal, wani lokacin da suke aiki. Amma akwai masu araha da ake rubuta wa 88V ko 128V, alhali batirin bai fi tafin hannu ba. Wannan rubutu ne kawai. Na taɓa ganin wani yaro ya sayo irinsa yana murna, bai gama kafa taga biyu ba ya mutu masa.

Lamba ta biyu ita ce Ah. Ita ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar girman randa. Mai 4Ah ya ninka mai 2Ah. Don siminti ka nemi 4Ah ko 5Ah, kuma guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan wuta. Ka ɗauka a hannu ka auna. Na gaskiya mai 4Ah ya ɗara rabin kilo. In ka ji shi sakayau, ka ajiye masa abinsa.

Ka lura kuma, batirin Makita ba ya shiga injin Bosch, na Ingco ba ya shiga na DeWalt. Batir shi ke fara mutuwa kafin inji. Saboda haka ka tambayi mai shago a Maradi: in nawa ya mutu, kana da irinsa? In ya fara kame-kame, ka wuce gaba.

Ina za ka sa masa wuta? Abin cajinsa wutar gida yake so, irin ta Nigelec. In ƙauyenku babu ita, ka tambayi mai cajin salula ko farantinsa yana da akwatin da ke maida wutar rana ta zama ta gida. Ka yi wannan tambaya tun ba ka biya ba. Sannan zafi abokin gabar batir ne. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Kada ka bar batir cikin rana ko bisa kwano. Kada ka sa shi caji yana da zafi daga aiki. Bari ya huce a inuwa, ka sa da dare ko da sassafe.

Ranar saye, ka tafi da guntun bulo cikin jakarka, ka ce a huda a gabanka. Ka dubi ko yana da maɓallin kashe bugu. Wannan maɓalli yana da amfani ƙwarai, don bulon da ake bugawa a ƙauye sau da yawa rairayi ya fi siminti yawa, in ka sa masa bugu sai ya ɓarke. Ka dubi mariƙi na biyu, na gefe. In ƙarfen huda ya kama rodi cikin kankare, injin yakan juya da ƙarfi ya murɗe wuyan hannu. Da hannu biyu ake riƙe shi.

Ƙarfen hudar siminti daban yake da na icce, a tsininsa akwai ɗan ƙarfe mai faɗi da aka liƙa. Ka sayi na milimita 6, da 8, da 10, su aka fi bukata. Wurin aiki kada ka huda dab da gefen bulo, kuma ka tambayi mai gida inda wayar wuta ta bi. Ƙurar siminti tana taruwa a huhu, ba ta fita. Ka rufe hanci da baki, ka sa tabarau, ka kori yara masu zuwa kallo su koma nesa.