Makunni a Cikin Ƙwayar Halitta: Darasi Daga Wuta-Wuta

Duk manomin dawa ko masara a ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ciyawa ce mai kyan fure, amma takan liƙe wa saiwar hatsi ta tsotse shi har ya ƙanjame. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, kuma sukan shekara goma ko fiye a cikin ƙasa ba su tsiro ba. Guzurin abincin da ke cikin kowane iri na 'yan kwanaki ne kawai, saboda haka in ya tsiro nesa da saiwar hatsi, yunwa za ta kashe shi. Ke nan shawara ɗaya tak gare shi a rayuwarsa: ya tsiro ko ya dakata. Babu rabin tsirowa, kuma in ya fara, bakin alƙalami ya bushe.

Abin da ke tayar da irin shi ne wani sinadari da saiwar hatsi ke tsatsowa a cikin ƙasa. Sai dai sinadarin nan yana ƙaruwa ne sannu a hankali gwargwadon kusantar saiwar. To, yaya saƙo mai hawa kaɗan-kaɗan yake zama amsar “i” ko “a'a”? Wannan tambaya ta shafi dukkan ƙwayoyin halitta, na tsiro da na dabba, kuma lissafi ne ya taimaka wajen warware ta.

Mai karatu ya kwatanta fitilar ƙwai da ta lantarki. Ta ƙwai, gwargwadon ɗaga lagwani gwargwadon haske. Ta lantarki kuwa makunni gare ta: ko haske ko duhu. Masana suna bambance waɗannan halaye biyu da ƙa'idar da Archibald Hill na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya fitar a 1910:

amsa = xⁿ ÷ (Kⁿ + xⁿ)

A nan x shi ne yawan sinadarin saƙo, K yawan da ke ba da rabin amsa, n kuma alƙalamin Hill, mai nuna kaifin amsar. Idan n ya zama 1, sai an ninka x sau 81 kafin amsa ta tashi daga kashi 10 zuwa kashi 90 cikin ɗari. Wannan ita ce fitilar ƙwai. Idan n ya zama 2, ninki 9 ya isa. Idan 4 ne, ninki 3 kawai. Ɗalibi na iya gwada wannan a littafinsa, ya ɗauki K a matsayin 1. Hill ya yi aikinsa ne a kan himogulobin, furotin ɗin jini mai ɗaukar iskar oksijin, wanda alƙalaminsa ya kusa 2.8, domin sassansa huɗu suna taimakon juna wajen kama iskar.

Haɗin kan sassa ba shi kaɗai ke ƙera makunni ba. A 1981, Albert Goldbeter da Daniel Koshland sun nuna ta lissafi cewa idan wani furotin yana kunna na biyu, wani kuma yana kashe shi, alhali aiki ya yi wa dukansu yawa, to ɗan rinjaye kaɗan kan karkatar da ma'aunin gaba ɗaya. Daga baya, a 1998, James Ferrell da Eric Machleder na Jami'ar Stanford ta Amurka suka zuba sinadarin furojestaron a kan ƙwayayen wani kwaɗo na Afirka. Da aka auna ƙwayayen a tare, sai amsar ta zama kamar mai hawa sannu-sannu. Da aka auna su ɗaya-ɗaya, sai aka ga kowanne ko dai ya kunnu sarai ko bai motsa ba, kuma alƙalamin Hill bai gaza 35 ba. Dalili shi ne furotin na ƙarshen layin saƙon yana komawa ya ƙara yawan na farko, kamar wutar daji mai busar da ciyawar gabanta. Irin wannan zagaye kan sa makunni ya zauna a kunne ko da saƙon ya gushe.

Darasin ya dace da wuta-wuta: adadin irin da suka tsiro yana hawa a hankali, amma kowane iri shawararsa yankakkiya ce. An fara tace sinadarin da ke tayar da su, mai suna sitirigol, a 1966, daga saiwar auduga. A 2015 masana a Kanada da Japan suka bayyana furotin ɗin da irin ke jin saƙon da shi.

Ga inda amfanin manomi yake. Auduga tana aika saƙon, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya rayuwa a saiwarta. Wanda ya huta da dawa ya shuka auduga ko waken suya, ya kunna makunnin ba a lokacinsa ba: irin ya tsiro, ya rasa abinci, ya mutu. Rashin komawa bayan da ke tsare irin, shi ne kuma lagonsa.