Amsar Wasiƙunku: Maƙabartar Yahudawa ta Ƙauyen Akrish

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da wasiƙa yana cewa ya ji wai akwai ƙauyen da Musulmi ke gadin kaburburan Yahudawa. Yana tambaya, shin gaskiya ne?

To malam, gaskiya ne. Bari mu kai ka ƙasar Maroko, ƙauyen Akrish, kudu da birnin Marrakesh.

Tun kafin Musulunci ya isa Maroko akwai Yahudawa a can. A ƙauyukan duwatsun Atlas sun yi fatauci, da ƙirar azurfa, da dukanci, suna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu Musulmi. A Akrish suna da wata ƙaramar maƙabarta, inda kabarin wani malaminsu yake, Rabbi Rafayel Hakohen, wanda aka ce ya kai shekara 700.

A 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000. Daga nan aka shiga ƙaura zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada, har ya zamana yau 'yan dubbai kaɗan suka rage. Amma fa a addininsu kabari na mai shi ne har abada, ba a nome shi, ba a gina gida a kansa. Masu rai suka tafi, matattu suka tsaya. Wa zai kula da su? Sai Musulmin wurin suka riƙe amanar gadi da shara.

A 2010 Sarki Muhammadu na Shida ya sa aka fara gyaran maƙabartun Yahudawa 167 a faɗin ƙasar. A 2012 kuma Yahudawan Marrakesh suka ba da aron filin da ke gefen kaburburan Akrish ga wata ƙungiyar raya karkara, High Atlas Foundation, aka mai da shi wurin renon itatuwa. Aka reni zaitun da ɓaure da rumman, aka rarraba wa manoman yankin su dasa a gonakinsu. Ka ga alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka malam, in akwai tsohuwar maƙabarta a garinku wadda masu ita suka tashi, kada a bari garma ta ci ta. A kewaye ta, a share ta.