Furotin Mai Tsaron Ɗigon Kitse da Aikinsa a Huhu

Gabatarwa

In aka ambaci kitse, hankalin yawancinmu kan koma ga tumbi ne, ba huhu ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ɗan kitsen da huhu yake tarawa, da furotin da ke tsaronsa, suna da hannu cikin numfashin ɗan'adam tun ranar haihuwa.

Amfanin kitse a huhu

Huhun baligi yana da ƙananan jakunkunan iska kimanin miliyan 480. Cikinsu a jiƙe yake, danshi kuwa yakan sa bango ya manne da bango. Abin da ke hana haka shi ne wani ruwan santsi mai suna safaktan, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa maiƙo ne. A shekarar 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa ƙarancinsa ne yake hana bakwaini da yawa numfashi.

Rumbu da mai tsaronsa

Wasu ƙwayoyin halitta na bangon jakar ne suke haɗa safaktan. Daura da su akwai waɗansu da za mu kira ƙwayoyin rumbu, domin suna tara kitse ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo yana lulluɓe da furotin na dangin ferilifin, wanda aka fara ganowa a Amurka a 1991. Dangin nan iri biyar ne, na biyunsu ne kuwa ya yi fice a ƙwayoyin rumbu. Shi ne yake taimaka musu ɗaukar kitse, ya kuma kare ɗigon daga sinadaran da ke narka shi, har a miƙa shi ga masu haɗa safaktan.

Yawancin wannan sani daga huhun ɓeraye aka samo shi. A cikinsu ne kuma aka ga cewa nikotin ɗin taba yakan sa ferilifin ya ragu, ƙwayoyin rumbu su rasa kitsensu, su rikiɗe su zama irin masu jawo tabo da taurin huhu.

Kammalawa

Ashe ke nan ba samuwar kitse kaɗai ce abin lura ba, har da mai riƙe shi a inda ake bukatarsa. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai, in za su koyar da numfashi, kada su tsaya ga iska kawai, su haɗa da wannan rumbu da illar hayaƙin taba ga mai juna biyu.