Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Jama'a, yau za mu yi magana a kan injin babbar mota. Idan mota ta tsufa, kayanta su kan yi wuyar samu. Sai makaniki ya ciro wani abu daga wata motar ya ɗaura mata. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi.

Tsohon injin fetur yana da gangar jiki da kai. A cikin gangar jiki fistin ke hawa da sauka. Kai shi ne murfin ƙarfe mai nauyi da ke rufe sama. A ƙarƙashinsa akwai 'yan ramuka inda fetur da iska ke ƙonewa. A gefensa akwai bututun da ke kawo su daga kafireto. Tsakanin kai da jiki a kan shimfiɗa gaskit, don kada ruwa ko iska su tsere.

Ga misali daga Amurka. Kamfanin Chevrolet ya ƙera injuna uku 'yan gida ɗaya, kowanne da fistin shida a jere. Ana kiransu 216 da 235 da 261. Lambar tana nuna girman cikin injin. An fara 216 a 1937, an sa 235 a manyan motoci a 1941, sa'an nan 261 ya fito a 1954. In ka gan su, sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma mu duba.

Na ɗaya, mu ƙirga kusoshi. Kan 216 kusa 15 ke riƙe da shi. Kan 261 da na 235 da aka ƙera daga baya kuwa, kusa 18. In lissafi bai zo ɗaya ba, magana ta ƙare.

Na biyu, mu duba hanyar ruwa. Kan 235 ya kan zauna daidai bisa jikin 261. Makanikai suna son wani iri mai lamba 848 a ƙarshe, domin ramukansa ƙanana ne. Ƙaramin rami ya fi matse iska, inji ya ƙara ƙarfi. To, amma jikin 261 yana da 'yan ƙananan kafofi na fitar tururi, kan 235 ba shi da su. Lalle ne a ɗora gaskit na 261 a kansa, a yi shaida, a huda. In ba a huda ba, tururi ya rasa hanya, inji ya yi zafi, kai ya tsage. Ga hasarar kuɗi, ga kaya a zube a hanya.

Na uku, mu auna bakin bututu. Bakin na 216 ya fi na 235 ƙanƙanta. In an haɗa su haka, iska za ta riƙa satar hanya, inji ya yi ta tari. Maganinsa wani zobe ne mai faɗi biyu, gefe ɗaya ƙarami, gefe ɗaya babba.

Bayan wannan, a sa sabon gaskit, kada a mai da tsoho. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan kaɗan, ba gaba ɗaya ba.

Ku lura da amfanin karatu a nan. A jikin kowane kan inji akwai lamba da aka zuba tare da ƙarfen. Wanda ya iya karatu zai karanta ta kafin ya biya kuɗi. Wanda bai iya ba, sai abin da aka faɗa masa. Ido ya kan ruɗu da kama, lamba kuwa ba ta ruɗi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin gaskit?
2. Kusa nawa ke riƙe kan 216?
3. Don me a kan huda kan 235 kafin a ɗora shi bisa 261?