Attajirin da Kan Jirgin Ƙasa Ya Tsiyata

Mai karatu, da a ce kana da abin hannunka, aka ce maka za a daddatsa wani tsohon kan jirgin ƙasa a sayar da ƙarfen a kilo, za ka zaro fam 3,000 ka fanshe shi? Alan Pegler, wani ɗan kasuwa a Ingila, ya zaro a 1963. Ai kan jirgin ba na yarwa ba ne. Flying Scotsman ke nan, ƙirar garin Doncaster ta 1923, mai aiki da kwal da tururi, wanda a 1934 ya zama na farko a irinsa da hukuma ta tabbatar ya yi gudun mil 100 a awa guda. Da Pegler ya tsaya a nan, da babu labari.

A 1969 sai ya ce zai kai shi Amurka, ya ja taragun da aka cika da hajojin Birtaniya, a riƙa talla gari gari. Gwamnatin Harold Wilson ta ba shi goyon baya. Aka ɗora jirgin ƙasa a jirgin ruwa daga Libaful zuwa Boston. Dokar Amurka ta ce sai an ƙara masa ƙararrawa da babbar fitila da wani ƙarfe a goshi mai ture shanu daga kan layin dogo, aka ƙara. Ya bi ta Niyok da Washinton har Teksas, jama'a na tururuwa a tashoshi. Wa zai ce akwai wata a ƙasa?

A 1970 Wilson ya faɗi zaɓe, gwamnatin Edward Heath ta zare hannunta. To mai karatu, ga ka a ƙasar mutane da ƙaton ƙarfe mai cin kwal yana shan ruwa, a lokacin da Amurkawa suka riga suka koma jiragen dizal, wuraren ɗura ruwa da kwal duk sun zama tarihi. Me za ka yi? Mai lissafi zai naɗe tabarmarsa ya koma gida. Pegler ya ce a ci gaba, daga aljihunsa.

Aka nausa arewa har Kanada. A 1971 kuma aka keto nahiyar daga Toronto zuwa San Faransisko, inda jarumin gudun nan ya ƙare yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a bakin teku, yana jan ƙafa kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Mil 15,400 ya ci a tafiyar gaba ɗaya. Bashi kuma ya kai fam 132,000.

Masu bin bashi suka taso. Ina za ka ɓoye kan jirgin ƙasa? Ba ya shiga aljihu, ba ya shiga gareji. Sai aka lallaɓa da shi cikin wani sansanin ajiyar kayan sojan Amurka da ke Lathrop a Kalifoniya. Mai jirgin kuwa ko kuɗin komawa gida ba shi da su. A jirgin ruwan 'yan shaƙatawa ya samu aiki, yana ba fasinjoji labarin jiragen ƙasa, da haka ya isa Ingila, kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa.

A farkon 1973 wani attajirin, William McAlpine, ya biya fam 25,000 ya karɓo kan jirgin, aka dawo da shi ta mashigar Panama. Daga baya kan jirgin har Ostareliya ya je, inda a 1989 ya yi mil 422 ba tsayawa. A 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi kan fam miliyan 2.3.

Pegler fa? Ka canka sana'ar da ya kama. Wasan kwaikwayo! A wani gidan cin abinci a Landan, mutumin da bashi ya yi wa ƙarƙaf yakan sa kayan sarauta ya fito a matsayin Sarki Henry na 8, baƙi na ci suna tafa masa.