Sandar Sirdin Keken Tsauni: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Tun da kekunan tsauni na hannu suka cika kasuwanninmu, waɗanda aka fi kira keke mai giya, magana ta yi yawa a kan wani ƙarfe da a da ba mai kallonsa sau biyu, wato sandar da ke ɗauke da sirdi, wadda ake zurawa cikin bututun firam a ɗaure. Dillali zai rantse maka cewa mai sifirin maganin ciwon baya ce. Mai gyara ya ce duk sanda sanda ce, in dai ta shiga shi ke nan. Samari kuma sun gani a YouTube ana danna wani ɗan maɓalli sirdi ya nutse, a sake dannawa ya taso, sun yanke hukunci cewa keken da ba shi da wannan ya zama tsohon yayi. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wadda kan iya kai mutum gadon asibiti. Abin da hujja ta nuna shi ne, ga mai zuwa kasuwa ko makaranta ko wurin aiki, ingancin sanda yana ga abu uku: kaurinta ya yi daidai da firam, ta shiga ciki isasshe, ta riƙe sirdi a tsayin da ya dace da ƙafar mai hawa. Sauran abubuwan da ake tallatawa an ƙera su ne don matsalar da yawancinmu ba mu da ita.

Asalin keken shi ke bayyana siffar sandar. A shekarun 1970 ne wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ga kowa da kowa. Mai gangarowa daga tsauni yana bukatar ya ja jikinsa baya, ya yi ƙasa, don kada ya kifa ta kan keke, sirdi mai tsayi kuwa yana tare masa hanya. Shi ya sa a 1984 Breeze da abokinsa Josh Angell suka fito da Hite-Rite, wani sifirin da ke maido da sirdi sama bayan an danne shi. Daga baya maƙera suka rusunar da bututun sama na firam don mahayi ya sami sarari, sai sanda ta ƙara tsawo, har santimita 35 zuwa 40 ya zama ruwan dare. Wannan tsawon da ke waje shi ne tushen kusan duk wani alheri da sharrin sandar.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce sirdi mai kyau shi ne wanda mutum yana zaune tafin ƙafarsa biyu na ƙasa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma shi ke sa a ga babban mutum yana tuƙi gwiwoyinsa na neman taɓa ƙirji. Masu auna zaman keke sun daɗe da yin ittifaƙi cewa idan feda ta kai can ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, tsakanin digiri 25 zuwa 35. Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku, ya yayata wani lissafi mai sauƙi: a auna ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa a ninka da 0.883. Mai ƙafa santimita 80 zai sami kusan santimita 71, daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Wanda ba shi da awo ya hau ya ɗora diddige a feda tana ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa yana matsa wa gaban gwiwa, yana cinye ƙarfin cinya a banza. Wanda ya yi sama da yawa yana sa ƙugu rangaji, ya ja jijiyar bayan gwiwa. Gajiya da yawa da ake ɗora wa keke ko shekaru, gyaranta sifana ce da minti biyu.

Sai dai ɗaga sirdi yana da iyaka, kuma a nan ne magana ta biyu ke da haɗari, wato cewa ana iya zaro sanda gwargwadon yadda mutum ya so muddin noti ya kama. Duk wanda ya zare sandarsa ya goge ta zai ga wani layi ko jerin 'yan zane-zane kewaye da ita kusa da ƙasa, da ɗan rubutu a gefe. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lafiyar kekuna, ISO 4210, ita ta wajabta wannan alama, kuma ba a so a gan ta a waje ko kaɗan. Maƙera firam da yawa suna neman santimita 8 zuwa 10 su kasance a ciki, har ƙarshen sandar ya wuce mahaɗar bututun sama. Dalilin a fili yake. Sanda a karkace take, nauyin mutum yana tura ta baya, kuma in tsawon da ke waje ya ninka, ƙarfin da ke murɗa bakin bututu ma ya ninka. Idan ɗan guntu ne kawai a ciki, duk wannan ƙarfi yana tattaruwa a wuyan firam, sai tsaga ta fara daga bayan bututun ko wurin walda, a hankali, har ranar da za a faɗa rami ta ƙarasa. Dogon mutumin da ya sayi ƙaramin keke don arha, mafitarsa doguwar sanda ce ko babban firam. Ƙara mata guntun ƙarfe a wurin mai walda neman rauni ne da kuɗin mutum.

Haka ma zancen duk sanda sanda ce. Kekunan tsauni suna zuwa da kauri iri-iri, waɗanda suka fi yawa su ne milimita 27.2 da 30.9 da 31.6, sababbi kuma har da 34.9, alhali tsofaffin kekuna irin na Raleigh da yawa 25.4 suke ɗauka. Akan buga lambar a jikin sandar, ƙasa da alamar iyaka. Tsakanin 30.9 da 31.6 bai kai milimita ɗaya ba, ido ba ya gani, amma firam yana ji. In sandar ta yi siriri, za ta riƙa zamewa, mai ita ya yi ta ƙara ɗaure noti har ya matse bakin bututun ya lanƙwashe ko ya tsage. In ta yi kauri aka buga ta da guduma, ta shiga ke nan, fitarta sai an sha wahala. Akwai zoben cike giɓi da ake ƙerawa don a sa 27.2 a firam mai 30.9 ko 31.6, kuma yana aiki lafiya domin dogo ne, yana rungumar sandar ta kowane gefe. Guntun gwangwanin da ake yankawa a cusa yana kama wuri kaɗan ne, zai iya kai mutum gida yau, amma ba gyara ba ne.

Cewa mai kauri ta fi ƙarko rabin gaskiya ne. Kauri yana ƙara tauri: in ƙarfen iri ɗaya ne, kaurin bango ɗaya, sanda mai 31.6 ta fi mai 27.2 tauri da fiye da rabi. Mai tsalle a kan duwatsu yana son haka. Mai zaune a sirdi a kan hanya mai gargada kuwa, siririyar da ke ɗan lanƙwasa ita ke rage masa girgiza, shi ya sa kekunan doguwar tafiya da yawa suka tsaya a 27.2. Ƙarko ya dogara ga ingancin ƙira da yadda aka ɗaura. Sandar kabon, wadda ake kai wa sama, gaskiya ba ta da nauyi kuma tana shanye girgiza, amma abin da take ragewa bai kai nauyin robar ruwan sha guda ba. Tana bukatar a ɗaure ta da awo, yawanci niyuton-mita 4 zuwa 6, da sifana mai ma'auni da ba kasafai ake samu a rumfar gyara ba, kuma ta hannu tana iya ɗauke da tsagar da ba a gani. Alminiyam ya wadatar, da sharaɗi ɗaya: a shafa masa girisi. Alminiyam da baƙin ƙarfe in suka haɗu da damshi sukan ci juna su manne, kuma damina ɗaya ta isa ta fara wannan aiki. A zare a goge a shafa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Sanda mai sifirin tana aiki, amma ba kowace ba. Iri biyu ne. Akwai wadda ke nutsewa cikin kanta a miƙe, akwai mai gaɓoɓi huɗu da ke kai sirdi ƙasa da baya lokaci ɗaya, irin Thudbuster ta Cane Creek ko NCX ta Suntour mai motsin milimita 50. Ta biyun ta fi, domin idan tayar baya ta daki tudu, sirdi sama da gaba yake tunkuɗo mutum, kuma gaɓoɓin suna ba da hanya daidai ta inda dukan ya fito. Mai arha ta farkon tana gogar jikinta, ƙurar hunturu na shiga sai ta cije, ko ta saki sirdi ya riƙa kaɗa kai hagu da dama. Ko mai kyau ba ta mayar da keke mai shokzoba na baya, domin mutum take ɗagawa, tayar na nan tana tsalle. Kafin a kashe kuɗi a duba taya. Tayar keken tsauni mai faɗin inci 2 ita ce shokzoba ta farko, amma mai faci yakan bunƙara mata iska har ta zama dutse. A rage zuwa wajen fam 30 ko 40 gwargwadon nauyin mahayi da kaya, za a ji bambanci nan take. Ciwon baya kuwa sau da yawa daga nisan kan keke yake ko karkacewar sirdi, sifirin ba zai taɓa shi ba.

Ita kuwa mai maɓalli, babu ƙarya a cikin yabonta. Tun da Gravity Dropper ta fito a farkon shekarun 2000, RockShox ya biyo da Reverb mai aiki da mai a 2010, ta sauya yadda ake gangaren tsauni, har Matej Mohorič ɗan Sulobeniya ya ci tseren Milan zuwa San Remo a 2022 da ita, bayan ya tsere wa sauran a gangaren tudun Poggio. Ƙaryar ita ce cewa kowa na bukatarta. Nauyinta ya kai ninki biyu na sandar alminiyam, a cikinta akwai iska mai matsi da mai da robobin toshiya da ƙura ke ci, maƙeranta kuma sun tsara a riƙa buɗe ta ana sabunta su bayan wasu sa'o'i na hawa. In ta lalace takan tsaya a ƙasa ko ta riƙa nutsewa da kanta, kuma kayan gyaranta ba a rumfar unguwa suke ba. Mai kyau sabuwa tana iya fin keken na hannu kuɗi. Ga shi kaɗan ne daga cikin irinta ke shiga tsofaffin firam masu 27.2.

Mai musu zai ce hanyoyinmu ai sun fi tsauni muni, don me za a hana mu kayan tsauni? Amsa ita ce gargada daban, gangara daban. Rami da yashi da kwazazzabo taya ke maganinsu. Sauke sirdi na mai tsayawa a kan feda ne yana gangarowa wuri mai tsini. Wanda ke wasa a duwatsun Jos yana da hujjar sayenta, ɗan makarantar da ke ratsa Kano ba shi da ita. Wani zai ce a cunkoso ana yawan tsayawa, sirdin da ke sauka yana ba mutum damar dire ƙafa. Wannan gaskiya ne, kuma ga dattijo ko mai ciwon ƙugu amfani ne na haƙiƙa, in aljihu ya ɗauka. Ga mai lafiya, zamewa gaba daga sirdi a tsaya a kan firam yana biyan bukata, kuma rusunannen bututun keken tsauni ya sauƙaƙa hakan. Gidan da uba da 'ya'ya ke karɓa-karɓa da keke ɗaya, maƙallin hannu da ake buɗewa ba sifana ya ishe su, sai dai a tuna ɓarawo ma ba ya bukatar sifana.

Akwai abu ɗaya da dillalai ba sa faɗa, kuma ya fi duk waɗannan shafar mai hawan yau da kullum. Kekunan tsauni da yawa ba su zuwa da kariyar ɗaukar kaya, sai a sayi irin wadda ake maƙalawa a jikin sandar sirdi kaɗai. Irin wannan yawanci kilo 9 ko 10 aka yi ta ta ɗauka. Jarkar ruwa mai lita 25 ta kai kilo 25, balle a goya mutum, kuma duk nauyin yana rataye ne a bayan sandar da dama tana ɗauke da mahayi. Mai ɗaukar kaya ya nemi kariya mai ƙafafu da ke sauka a firam kusa da gindin tayar baya. Saboda haka mai cinikin keke na hannu ya bar kallon fenti, ya kwance noti ya tabbatar sandar na fita, ya karanta lambar kaurinta, ya duba wuyan firam ko da tsaga, ya hau ya ga ko zai sami tsayinsa alamar iyaka na ciki. Keken da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, ko a rage kuɗin sabuwar sanda a cikin ciniki, ko a bar wa mai shi kayansa.